Ramukan Dara a Tsibirin Tiga

Ni ban iya rubutu ba. Autata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Wata bakwai da rasuwar Malam, maigidana, ta zo daga Bebeji da wani wasa a wayarta. Wai mutane ke ɓoye gwangwani a wurare, waya ta nuna hanya, wanda ya samu ya ɗauki abu ɗaya ya bar wani. Ta ce akwai guda a wani tsibiri cikin dam ɗin Tiga.

Na san wurin. Tsibirin nan kan dutsen tsohon garinmu ne, wanda ruwa ya cinye ina amarya. Can Malam ya koyi dara, a ramukan da kakanninsa suka sassaƙa a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Shekara da shekaru yana cewa zai mai da ni, Allah bai nufa ba. Tsorona kada in je in kasa gane wurin, ya zama na sake rasa shi.

Na ƙulle duwatsun dararsa goma sha biyu a bakin zane, muka shiga kwalekwale.

Da muka sauka, auta ta yi ta kewaya cikin sabara, waya a hannu.

"Inna, kibiyar wayar ta rikice, sai juyi take."

"Baƙuwa ce a nan, me ta sani? Ajiye ta."

Malam kan ce in ana neman ramukan, a ba tsamiya baya, a fuskanci alƙibla. Babu tsamiya. Na duba, na sake dubawa. Sai ƙafata ta ci karo da kututturen tsamiyar. Na ba shi baya, na yi gaba kaɗan, ga fa, ga ramuka cike da yashi. Na durƙusa ina kwashe yashin da yatsa, ina kuka da ƙarfi, ban ji kunyar mai kwalekwale ba.

Gwangwanin yana ƙarƙashin fan. Auta ta buɗe: maɓalli, tsohon makulli, takarda mai sunayen baƙi.

"Me za mu bari, Inna?"

Na kwance bakin zane na saka dutse ɗaya, na ɗauki maɓallin.

Ta ce, "Ai kin ɓata darar Baba."

Gaskiyarta, ba a buga dara da sha ɗaya. Amma na san inda ɗayan yake, kuma yanzu ita ma ta san hanya. Allah Ya jiƙan Malam.