Bulon Ɗakin Kaka

Ranar wata Lahadi ce cikin watan Afrilu, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka buga bulon ɗakin Kaka a filin bayan gidanmu da ke Gashuwa. Tun kafin rana ta ɗaga maza uku suka tuɓe riguna, ɗaya yana kwaɓa yashi da siminti da shebur, ɗaya yana cika akwatin ƙarfe yana dannawa, na ukun yana ɗauka yana kifewa a ƙasa. Zuwa la'asar filin ya cika da bulo layi-layi har jikin zanan maƙwabta. Ina tsaye ina cin goruba ina kallo, ban san da ni za a ƙare ba, sai Baba ya kira ni ya danƙa mini bokiti. Ya ce daga gobe, safe da yamma har kwana bakwai, ni ce mai ba bulon nan ruwa. Yayyena maza suna fadama suna gyaran gonar shinkafa, ƙannena kuwa ko tulu ba sa iya ɗagawa.

Kaka mahaifiyar Baba ce. A ƙauyen Dagona take zaune, har daminar da ta wuce ruwa ya jiƙa gindin ɗakinta na ƙasa ya zube, Allah ya sa tana waje tana shanyar kuɓewa. Baba ya ɗauko ta da akwatinta ɗaya, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakinmu, mu yara biyar. Matar da ta saba da ɗakinta ita kaɗai, ga ta cikin masu shure-shure da masu fitsarin kwance. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai tsokana, amma na sha ganinta da hantsi tana zaune a gindin darbejiya tana gyangyaɗi don barcin bai ishe ta ba. Shi ya sa Baba ya yi alkawari ba za a shiga wata damina ba sai tana cikin ɗakinta. Duk lokacin da ya sayar da bandar kifi sai ya shigo da buhun siminti ɗaya, ya ɗora a kan katako a zaure don kada sanyin ƙasa ya daskarar da shi. Abin da ya tara shi ke nan, babu ƙari ko buhu ɗaya.

Maginin da zai yi aikin abokin Baba ne daga Nguru, Baba Modu, dogon Babarbare mai Hausa a karkace da faɗa a miƙe. Shi ya zaɓi yashin da kansa. Ya damƙi na bakin kogi ya murza, ya nuna mana yadda ya ɓata masa tafi, ya ce wannan laka ce, ba ya so. Ya ɗanɗana wani ya tofar, ya ce da kanwa a ciki, ita ce take cin gindin bango a garuruwan nan. Sai da aka je nesa da amalanke aka samo mai tsabta, mai ƙaras-ƙaras. Ya kuma tsaya a kan masu bugu kada su ja buhu ɗaya ya haifi bulon da ya fi ƙarfinsa. Da zai koma Nguru ya dube ni ya ce, "Bulo jariri ne, 'yata. Kwana bakwai ba ya son komai sai sha."

Ranar farko na yi aikin tsakani da Allah. To amma famfon unguwarmu yana bayan layi uku, ga jerin jarkoki, ga zafin Gashuwa na bazara wanda ko da safe ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Sawu goma sha wani abu na yi kafin in gama, wuyana kamar zai karye, na isa makaranta a makare na sha bulala biyu da tsintar takardu. Da yamma kuma, ina cikin zuba ruwa, ina jiyo su Yagana da Ladi 'yar gidan ma'aikacin asibiti suna carafke a ƙofar gida suna kiran sunana. Ni kuwa a carafke ba a cin gabana. Wallahi zuciyata ta fi bokitin nauyi.

A rana ta biyu shaiɗan ya ba ni dabara. Na lura Baba daga bakin ƙofar baya yake leƙowa, layukan gaba kawai yake gani da kyau. Sai na riƙa shayar da na gaba har su ƙoshi, layuka uku na can jikin zana kuwa in tsoma tsintsiya a bokiti in yayyafa musu. Nan take su yi duhu kamar sun sha, kafin in kai ƙofar gida sun bushe ƙayau. Haka na yi kwana shida, ina ta yaba wa kaina wayo. Har Inna tana cewa Adama ta yi hankali, ta fara gama aiki da wuri. Da kwanakin suka cika yayyena suka kwashe bulon suka jibge wuri ɗaya, mai ruwa da marar ruwa suka gauraye, na ce shi ke nan, an binne magana.

Bayan mako biyu Baba Modu ya dawo da igiyarsa da turaku, ya auna fili ya kakkafa. Aka aike ni in kai masa kunu. Na tarar Kaka ta jawo sandarta ta shiga cikin igiyar, tana zagayawa tana magana rabi da yarenta Badanci rabi da Hausa, fuskarta kamar ta yarinyar da aka yi wa ɗinkin salla. Ta nuna jikin igiyar gabas ta ce nan za ta sa gadonta, kanta a jikin bango. Ban san lokacin da bakina ya tambayi Baba Modu ba, wai idan bulo bai sha ruwa sosai ba me yake yi. Ko kallona bai yi ba, yana shan kununsa ya ce ai ba ya yin komai, shekara ɗaya, biyu, lafiya lau. Sai wata damina ruwa ya dake shi, ya fara zuba kamar garin ƙuli-ƙuli, rannan kuma ya sauko a kan wanda ke kwance a gindinsa.

Na dubi inda Kaka ta ce za ta sa kanta. Na tuna ɗakinta na Dagona, na ga wannan karon ba ruwan sama ba ne zai rushe mata, ni ce, jikarta, saboda duwatsun carafke. Tsoron dukan Baba yana gefe, amma wannan ya fi shi. Na fashe da kuka na ce, "Baba Modu, layi uku na baya ban ba su ruwa ba. Da tsintsiya na yayyafa."

Inna ta fito da muciya a hannu tana salati. Baba ma ya fito. Baba Modu ya ajiye kwanon kunu ya nufi tarin bulon. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki, ya faɗi tim bai ko tsage ba. Ya ɗauki wani ya saki, ya watse. Daga nan ya koya mana tantancewa: a ƙwanƙwasa da ƙarfe, mai kyau yana amsawa da ƙara, marar kyau muryarsa a dushe, a karce gefensa da ƙusa, in ya zubo da gari a ware shi. Gidan gaba ɗaya muka wuni muna ƙwanƙwasa bulo. Da aka gama, wanda aka ware ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Simintin da ya rage na ɗora gini ne da filasta, ga gajimare ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Baba ya sauke numfashi ya ce ba zai sa uwarsa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen bango ba, sai dai a bari sai baɗi. Jin kalmar baɗi ɗin nan ya fi mini bulala ciwo.

Kaka ce ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce wa ya ba shi tabbacin tana da baɗi? Ta juya ga Baba Modu ta tambaye shi ko mai kyan zai isa ƙaramin ɗaki. Ya yi lissafi da yatsu ya ce in an rage taku biyu a tsawo, ɗaya a faɗi, zai isa har linta, wato dokin ƙofa da taga, da abin da ke samanta. Ta ce, "To matso da igiyarka. Ni duka nawa nake? Rawa zan yi a ciki?" Baba Modu ya tumɓuke turaku biyu ya matso da su. Ni kuma ta ja kunnena da kanta, ja mai kyau, sannan ta ce wa Inna a bar ni haka, wanda ya faɗi gaskiya kafin a haƙa tushe ya rage wa mutane aiki.

Sauran aikin a gabana aka yi shi, don Baba Modu ya ce hukuncina shi ne in tsaya in gani. Ya haƙa tushe har sai da ya wuce yashi mai laushi ya tarar da ƙasa mai tauri. Ya ɗaga gindin ɗakin ya fi tsakar gida da kusan gwiwa, yana cewa, "Gini daga ƙafa yake mutuwa." Bulon da na lalata bai tafi a banza ba, farfasa shi aka yi aka cike cikin ɗakin, aka daddanne, aka shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe don kada danshi ya hau. Ya sa rodi a linta, ya fitar da taga biyu suna kallon juna don iska ta ratsa, ya bar bakin kwano ya zarce bango sosai. Kowace safiya kuma ni ce mai jiƙa sabon gini da filasta, kuma ko Yagana ta kira har muryarta ta dushe ba na waiwayawa. An buga ƙusar ƙarshe ranar Litinin, ruwan farko ya sauka ranar Alhamis da la'asar. Muna tsalle a tsakar gida cikin ruwan, Kaka tana zaune a kan gadonta tana kallonmu ta taga, tana dariya da bakinta marar haƙori.

Yanzu a Nguru nake aure, ni da maigidana muna ɗora namu ginin a hankali, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Bulo a mota ake kawo shi, ba ka san wanda ya buga ba balle wanda ya shayar da shi, kowa sauri yake a kai rufi. Leburori suna dariya idan suka ga Hajiya ta naɗe mayafi tana ƙwanƙwasa bulo da ƙusa a hannu, ni kuwa ko a jikina, na mayar da mota guda ba sau ɗaya ba. Wanda duk ya tambaye ni shawara nakan ce ya gina ƙarami mai ƙwari, in Allah ya hore ya ƙara. Kaka ta yi damina tara a ɗakinta, a ciki ta cika, kanta a jikin bangon gabas. Idan na je Gashuwa can nake sauka, ko da an gyara mini babban ɗaki. In na miƙe sosai ƙafata tana taɓa bango, kuma bangon yana nan daram. Mai ɗakin ce kawai babu.