Sunan da Baba Ya Ƙi Faɗa a Kotu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina wanga yaro?" In ina kusa kuwa, "Kai" ta ishe shi. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai Wanga Yaro liman ya raɗa mini ranar suna. Ku samarin yanzu da iyayenku ke ƙwala muku kira tun daga bakin titi, kuna iya ganin abin wani iri. A gidanmu kunya ce, kuma Baba ya riƙe ta har na yi gemu.

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a firamare, ya ƙare da zama hedimasta a Sakajiki. Abin da ya mallaka bai fi uku ba: gidanmu na Ƙaura Namoda, gonar gero ɗaya a bakin Sakajiki, sai mutuncinsa. Sauran gonakin gado suna can cikin daji inda ba a iya zuwa yanzu, don haka wannan ɗayar ce ke cika mana rumbu. Bayan ya yi ritaya Inna ta rasu, idonsa kuma ya fara tafiya a hankali har ya rufe. Ni na zama idonsa. Ni ke karanta masa takardu, ni ke riƙe wayarsa, ni ke ciro masa fansho.

Ina son ku lura da inda na fara sata, don ba da bindiga na fara ba. Da ɗari biyar na fara. Na ciro fansho, na zare ɗari biyar, na sa mata suna kuɗin mai. Baba ya shafa kuɗin ya sa a aljihu ya yi mini addu'a. Wata na gaba kuɗin mai ya zama dubu biyu, alhali daga gidanmu zuwa banki da ƙafa nake zuwa.

Lokacin ina da na'urar cire kuɗi, ina bin kasuwanni da ita, har Shinkafi da Zurmi. Manoma daga Galadi da Gurbin Bore sukan miƙo mini kati, su faɗa mini lambar sirri da ƙarfi kamar suna gaisuwa. Sai in cire dubu goma sha biyu in miƙa goma, in ce sauran banki ya ci. In wani ya yi gardama in ce sabis ne ya riƙe. Bayin Allah nan har haƙuri suke ba ni. Na shiga cacar ƙwallo a waya, kuma wanda ya shiga caca kullum gani yake gobe zai mayar da abin da ya ɗauka. Ni ma na yi ta jiran goben nan.

Wata rana na ji banki na ba 'yan fansho katin bashi, wanda za ka yi ta kashewa su kuma su riƙa bin ka da kuɗin ruwa. Na koma gida na ce wa Baba ana tantance 'yan fansho. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, na riƙe hannunsa har banki, na ɗora masa alƙalami inda zai sa hannu. Ya sa, da kyakkyawan rubutun nan nasa na malaman da. Da muka fito har ya saya mini tsire, wai na wahala.

Cikin wata biyar na cinye katin tas. Sabon babur, babbar waya, sauran caca ta lashe. Saƙonnin banki suna shigowa wayar Baba, ina gogewa. In sun kira in ce tsoho na barci. Sun gaji da barcin tsoho, suka kai ƙara.

Ranar da ma'aikacin kotu ya kawo sammaci, a ƙofar gida na tare shi, na ce ni ɗansa ne, na karɓa. Amma Baba ya ji tsayuwar babur daga zaure.

"Kai, wa yaz zo?" ya tambaya.

Na ce takardar 'yan fansho ce. Ya miƙo hannu ya shafa ta, ya ce, "Wagga ta hi tasu kauri. Karanta in jiya."

Na tsaya a gaban mahaifina na ƙirƙiro masa takarda daga kaina, wai ana gayyatar tsofaffin malamai taro amma an ɗaga. Da na gama Baba ya ce, "Yau ka yi saurin karatu." Na ninke sammacin na cusa a ƙarƙashin kujerar babur. Lissafina shi ne, in ba wanda ya je kotu, magana za ta mutu da kanta.

Nan ne jahilcina ya fi muguntata yawa. Kotu ba ta jiran wanda ya ƙi zuwa. An kira shari'a, ba Baba ba wakilinsa, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Aka riƙe fanshonsa, aka zo aka liƙa takarda a ƙofar gidanmu cewa za a kama dukiyarsa. Ina Shinkafi ranar. Ƙanwata Luba, wadda ke koyarwa a Zurmi, ita ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da takardar, maƙwabta na karantawa suna kallon juna.

Da na dawo na same su a zaure. Luba ta karanta masa komai, tana kuka tana cewa Baba bai taɓa cin bashin ko gishiri ba. Na tsuguna a gefe ina ta salati, kamar yau na fara ji. Baba bai juyo wajena ba. Ya ce a nemo mai sayen gonar Sakajiki.

"Baba, bashin da ba ka ci ba?" in ji Luba.

"Hannuna na bisa takarda," ya ce. "Ba ni son ran da anka ɗauke ni, a tambayi mai bina bashi a samu. A sai da ita in kwanta lahiya."

Luba ƙanwata ce, amma ta fi ni zama namiji. Ta ƙi. Ta ja Baba zuwa wurin wata lauya da ke taimakon marasa hali kyauta. Lauyar ta ce kuskure na farko shi ne ƙin amsa sammaci, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ta rubuta wa kotu cewa Baba bai taɓa sanin an kawo masa sammaci ba, a janye hukuncin a saurare shi. Ta rubuta amsar ƙarar, cewa makaho ne, ba a karanta masa abin da ya sa wa hannu ba, bai kashe ko sisi ba. Ta nemi banki ya kawo takardar da aka cika da jerin wuraren da aka kashe kuɗin. Kotu ta yarda ta sake zama. Sai dai lauyar ta ce akwai abu ɗaya da ba makawa: dole Baba ya faɗi wanda ke riƙe da katin.

Duk makonnin nan ba wanda ya tuhume ni. Luba dai ta daina cin abinci in ina wurin. Sau ɗaya ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Yaya, kai da Allah," ta wuce. Baba kuwa kullum da safe sai ya ce, "Wanga yaro ya karya?" Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Wani mai kuɗi har ya je ya taka gonar da ƙafa yana auna ta, ni kuma ina nan ina jiran abin al'ajabi.

Ranar shari'a na zauna a bencin baya. Lauyan banki ya ɗaga takarda ya tambayi Baba ko ya sa hannu a banki rana kaza. Baba ya ce ya sa. Ya tambaye shi ko ya ga kuɗin.

"Ban gane su ba," in ji Baba. "Kai ma ban gane ka ba."

Mutane suka yi dariya, har alƙali ya murmusa. Sai aka zo kan tambayar. Wa ke riƙe da wayarka da katinka? Baba ya ce wani na gida ne. Aka ce sunansa. Ya ƙi faɗa. Lauyarsa ta matso ta yi masa raɗa, ya girgiza kai. Alƙali ya yi masa bayani cikin ladabi, yana kiransa Malam. Ya ce in bai faɗa ba, kotu za ta ɗauka da yardarsa aka kashe kuɗin, bashi ya zama nasa, gona ta tafi.

Baba ya gyara tsayuwa ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, shekara talatin da biyar ban hwaɗi sunan ga ba. Ba yau za ni hwarawa ba, kuma ba nan ba. A sai da gonar."

Shi a ganinsa ya rufa mini asiri. Amma duk wanda ke ɗakin nan ya san sunan wa uba ke shekara talatin da biyar bai faɗa ba. Alƙali ya ajiye alƙalaminsa. Kawuna suka fara juyowa baya. Ba zan ce muku jarunta ce ta tashe ni ba, kunya ce ta hana ni ci gaba da zama. Na miƙe na faɗi sunana da bakina, na ce ni na yaudare shi ya sa hannu, ni na kashe kuɗin, ni na ɓoye sammaci, yana nan a ƙarƙashin kujerar babur ɗina a waje.

Aka wanke Baba, aka sakar masa fansho, gona ta tsira. Ni kuwa aka miƙa ni ga 'yan sanda. Da labari ya bazu, manoman da na cuta a kasuwa suka fito, kuma ba su yi mini ƙarya ba. Aka sayar da babur da na'ura, sauran bashin ya dawo wuyana. Aka ɗaure ni shekara uku a Gusau.

Luba takan zo da ƙuli-ƙuli da faɗa, duka biyun ina karɓa da godiya. Baba bai zo ba, ban kuma ga laifinsa ba. Sai a wata na biyar, wata ranar ziyara, wani gandiroba dattijo ya zo ya kira ni. Muna tafiya ya ce yau tsohona ya ba shi aiki.

Ashe Baba ya faki idon mutanen gida, ya shiga mota daga Ƙaura shi kaɗai, direba ya ajiye shi a bakin ƙofa ya tafi. Aka ce wa ya zo gani, ya ce ɗansa na fari. Aka ce suna, ya ce dogo ne, yana da tabo a goshi, ya iya karatu ƙwarai. Aka ce Malam, dogaye sun yi yawa a nan, littafi suna yake so. Sai ya koma gindin bishiya ya zauna da ƙullinsa a cinya, tun hantsi har aka yi azahar, ko Allah zai kawo wani ɗan Ƙaura da zai faɗa a madadinsa. Ba wanda ya zo. Da ya ji ana cewa za a rufe ziyara, ya kira gandiroban ya ce ya sunkuyo da kunnensa.

"Ya faɗa?" na tambaya.

"Har sau biyu," in ji gandiroba. "Na farko ban ji ba."

Na tarar da shi a benci cikin farar rigar nan. Na durƙusa a gabansa. Ya laluba ya kama wuyan hannuna ya auna da yatsu, ya ce, "Kai, ba su ba ku tuwo?" Ya kwance ƙullin, fura ce, ta geron Sakajiki na wannan shekarar. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar da na yi saurin karatu, tun ranar ya san akwai magana. Ya ce laifinsa ɗaya, da ya sa wani ya sake karanta masa takardar da ba mu kai nan ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗaure ni.

Yau shekara biyu da fitowata. Ina noma gonar da na kusa salwantarwa, da rani ina gyaran babur. Ina biyan banki kaɗan-kaɗan a kan yarjejeniyar da lauyar nan ta taimaka aka rubuta, kuma na bi manoman da na iya tunawa har ƙauyukansu na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma suna da gaskiya. Har yanzu ni ke karanta wa Baba takardu, sai dai Luba na sake dubawa in ta zo. Baba kan ce ba rashin yarda ba ne, hedimasta ba ya barin jarrabawa ba a duba ba.

Ku ƙannena samari, ga abin da na sayo muku da shekara uku. Kada ku taɓa ɗari biyar ɗin farko, kome sunan da kuka sa mata. Kada ku bar tsohonku ya sa hannu a abin da mutum ɗaya kaɗai ya karanta masa, ko da ku ne mutumin. In sammaci ya shigo gidanku, ko bashin naku ne ko ba naku ba, kada ku ɓoye shi. Ku duba ranar da aka sa, ku nemi lauya, ku amsa a rubuce, ku ce a kawo hujja, ku je kotu da ƙafarku. Wanda ya je ana sauraronsa, wanda ya ƙi zuwa a yanke masa yana gida.

Fiye da duka, ku ji tsoron cin amanar mai son ku. Mahaifina ya yarda ya rasa gonarsa don kada ya faɗi sunana, sannan ya faɗe shi a kunnen baƙo don ya ba ni fura. Ni har yau ban ji shi a bakinsa ba, gandiroba ya fi ni sa'a. Ga shi can a zaure yana tambayar ina wanga yaro, bari in je in amsa.