Yadda Na Kai Inna Hanyar Kuta Ranar Jana'izar Yayanta

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, mu uku a motar ƙanina: shi yana tuƙi, ni a gefensa, Inna a baya da carbinta. Kawu, yayan Inna da ke Minna, ya rasu jiya da magariba. Iyalinsa sun ce za su jinkirta jana'iza zuwa bayan azahar domin ta samu ta yi masa kallon ƙarshe, don su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Sai na faɗa muku halin da nake ciki a lokacin. Wata biyu kafin nan an yi mana bita a wurin aiki kan yadda mutum zai nuna ya yarda da kansa: ka miƙe kafaɗa, ka kalli mutum cikin ido, ka saukar da murya, ka daina cewa "wataƙila" da "ina jin". Na gwada a ofis, na ga ana saurarona. Abin ya shige ni, har mai shayin unguwarmu ya fara ce mini Ranka ya daɗe.

Hanyar Kaduna ba laifi. A mahaɗar Dikko muka tsaya, muka sayi masa ta ɗari biyar, guda shida kacal, kowace kamar murfin kwalba. Inna ko taɓawa ba ta yi ba. Daga nan zuwa Minna kuwa tankokin mai ne jere, ga ramukan da sai mota ta yi musu ruku'u. Amma ƙasar kore shar, kunyoyin doya har gindin duwatsu. Sha biyu da rabi muka shiga gari ta Chanchaga, da sauran lokaci a hannunmu.

Inna gidansu na unguwar Limawa ta sani, inda aka haife su kusa da 'yan uwansu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa. Kawu kuwa ya daɗe da komawa unguwar Ƙetaren Gwari, ni kaɗai na taɓa zuwa, sau ɗaya, shekaru da dama, a bayan babur. Da muka iso wani shataletale, ƙanina ya rage gudu ya ce, "Yaya, mu tambayi mai keke napep mana, ko in duba waya."

Gaskiya ban gane wurin ba ko kaɗan. Amma na gyara zama, na miƙa hannu kamar ɗan sanda, na ce, "Bi nan. Na san gidan."

Muka wuce Maitumbi, gidaje suka fara raguwa. Inna ta ce a hankali, "Anya kuwa? Shi fa ya ce mini a cikin gari yake."

Na waiwaya na dube ta cikin ido, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce, "Inna, ai sunan ma ya nuna. Ƙetare ne, sai an fita." Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbi. Ni kuma na kasa janye maganar. Kowace kwanar titi muka zo sai in ce a raina bayan wannan ne. Na kira ɗan Kawu a ɓoye sau biyu, bai ɗauka ba, suna can wajen wanka da likkafani.

Sai wajen ɗaya da rabi ƙanina ya taka birki ba tare da ya nemi izinina ba, gaban wata Bagwariya mai sayar da doya a bakin titi. Ta ajiye ƙwaryar da ke kafaɗarta, ta saurare shi, sannan ta tafa hannu.

"Ketaren Gwari? Kai ya wuce shi tun tuni! Wannan hanyar Kuta ne. Koma baya, cikin Minna yake."

Muka juya. Ga wata tirelar doya ta lalace a gaba, muka ƙara ɓata kusan rabin awa. A gari mai keken farko da muka tambaya ya ce mu biyo shi, minti goma bai cika ba ya nuna mana layin. Daga shataletalen nan ko a ƙafa da mun isa.

Mun tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ɗan Kawu ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Gwaggo, wallahi mun jira har uku saura. Liman ya ce kada a ƙara." Inna ta dafa kansa ta ce, "Kun kyauta." Ta shiga ɗakin yayanta ta zauna kan tabarmar da aka ɗauke shi, ta daɗe ba ta fito ba.

Kwana uku muka yi. Maƙwabcin Kawu, wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna, shi ya ba mu ɗaki, matarsa kuma kullum sai ta aiko da sakwara. Ban iya cin ta kirki ba. A zaman makoki can ƙarshen tabarma nake raɓewa, in an gaishe ni in amsa ƙasa-ƙasa. Ranar sadakar uku na samu Inna ita kaɗai na ce, "Inna, ban san hanyar ba. Tun farko ban sani ba." Ta ce, "Na gane tun a mota. Ban so in ƙaryata ka gaban ƙaninka ba ne."

Mun iso Zariya da la'asar, mata sun cika gida suna jira. Wata maƙwabciyarmu ta tambaya, "Kun dai samu jana'izar ko?" Ina tsaye riƙe da jakar Inna, ƙanina ya kalle ni. Inna ta ce, "Allah bai nufa ba. Hanya ce."

Abin da na koyo bai da yawa. Miƙe kafaɗa da kakkaurar murya suna aiki, har a kan wanda ya fi ka gaskiya, kuma mutane za su bi ka ko ba ka san inda za ka ba. Ni uwata ce ta bi ni, kuma har yau ba ta gaya wa kowa ba.