Ƙahon da Ke Sallamar Gawa

Shekara hamsin da biyu cur, kullum da safe Emile Duplessis sai ya kurɓi gahawarsa, ya buɗe kabad, ya cusa bakin ƙahonsa cikin riguna, ya yi ta jan sauti ɗaya tal har minti arba'in, wai don kada ya tashi maƙwabta. Maƙwabtan kuwa kullum tashi suke yi, nauyin faɗa masa kawai suke ji.

Ya busa kiɗan jaz a jiragen kogi da gidajen rawar birninmu New Orleans na Amurka, ya zaga Turai sau uku a bayan manyan makaɗa, amma nemi sunansa a bangon faifai ka sha wuya. Mu 'yan unguwa a jana'iza muka san shi. Akan raka gawa da kiɗan juyayi har ƙofar maƙabarta, can mai ƙaho zai saki dogon sauti a sallami mamaci, kiɗa ya juye na murna, a koma gida da rawa. Wasu masu busa agogo suke dubawa, ban da Emile. Abin ya daɗe yana cina, har na tambaye shi yadda yake gane lokacin.

"Hannun mai takaba nake kallo," in ji shi. "Muddin tana damƙe da hankici, ba ta gama ba."

"Shi ya sa ka taɓa shanya mu rabin awa a rana kamar kayan wanki," in ji Roscoe, makaɗin gangarsa. "Mugun tsoho kawai."

Bana likita ya ce haƙoransa na gaba duk sun yi girgiɗi, busa ɗaya mai ƙarfi za ta iya zubar da su, mai ƙaho kuwa in ba haƙori ya gama aiki. Emile ya koma lallaɓa ƙaho. Ana haka Roscoe ya rasu, matarsa Odessa ta ce ba mai sallamar mijinta sai shi.

A ƙofar maƙabarta kowa ya ga hannun Odessa a buɗe, amma Emile ya ƙi ɗaga ƙaho. Minti goma ana ta maimaita kiɗan juyayi. Na ɗauka haƙoransa yake ji wa tsoro, kuma har yau ina jin kunyar wannan zato. Can Odessa ta tako ta dafa kafaɗarsa.

"Emile, ni na sallame shi tun a asibiti. Kai muke jira."

"Shekara arba'in yana bayana, Odessa. Wa zai riƙa zagina?"

"Ga ni. Busa mana, mugun tsoho."

Ya busa, sautin da ban taɓa jin irinsa ba. Da ya sauke ƙaho, jini ya ɓata farar rigarsa, haƙora biyu na tafin hannunsa, jama'a kuwa tuni rawa ta yi nisa. Daga ranar bai sake busawa ba.

Baba Emile, gwanin jira, kai ne ka ba kowace mai takaba a unguwar nan lokacinta, ba ka taɓa katse wa kowa kuka ba. Mun gode. Ku masu tasowa da ƙaho, fitar da sauti ba wuya, ku je ku koyi kallon hannu tun yana raye. Da muka bar shi ya yi nasa jiran, minti goma kacal ya ɗauka.