Ɗinkin da Ban Taɓa Yi Ba

A bayan moto nake, wato babur ɗin haya, tsakiyar gadar Binuwai, ranar da abin ya fara. Shekarata goma sha shida, ina dawowa daga lise, makarantarmu ta sakandare. Haka kawai zuciyata ta hau dukan ƙirjina, yatsuna suka sandare, iska ta ƙi shiga. Na damƙi rigar mai moton na ce ya tsaya, mutuwa zan yi. Ya waigo ya ce, "Ki bari mu sauka gadar, nan ba a tsayawa."

Ban mutu ba. Amma abin ya dinga dawowa, a aji, a banɗaki, har a kan sallaya. An yi mini rubutu na sha, an auna jinina ba a ga komai ba. Daga ƙarshe wata likita ta ce ciwon firgici ne, ta sa ni a wani shiri na matasa a asibiti: kwana huɗu a mako, daga safe zuwa azahar, sannan kowa ya koma gidansu. Ni dai abu ɗaya na yarda da shi, wata rana zai zo ya ƙi tafiya, ko ya kashe ni ko ya tafi da hankalina.

Inna ta rantse ba za a ji a unguwa 'yarta na zuwa wajen masu taɓin hankali ba. Sai ta shaida wa kowa na ajiye karatu na shiga koyon ɗinki.

Mako bai cika ba maƙwabciyarmu, wadda muke kira Goggo, ta aiko da atamfa. Inna ta karɓa da fara'a, ta ɓoye ta cikin mayafi ta kai wa wani tela can ƙarshen kasuwa. Rigar ta yi kyau, abin da ya jawo mana ke nan. Matan layinmu suka yi ta kawo yadi. Ina auna su ina rubuta lambobin da ban san amfaninsu ba, su kuma suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai natsuwa."

A asibitin mu shida ne, likitar na bayani da Faransanci tana maimaitawa da Fulatanci. Aikinmu shi ne mu kira ciwon da kanmu. A ba ki siririn bututun shan lemo ki toshe hanci ki ja numfashi ta cikinsa, ko a ɗora ki kan kujera mai juyawa a yi ta juya ki har jiri ya ɗebe ki. Wai don jiki ya gane bugun zuciya ba ajali ba ne. Ina yi, amma a raina ina cewa wannan na wasa ne, na gaskiyar yana tafe.

Wata Laraba Goggo ta hau moto ta biyo bayana, wai za ta kai wa uwar ɗakina ƙarar hannun riga. Takalmina ta gane a bakin ƙofa. Ta turo ta same ni ina juyi a kujera da bututu a baki.

"Ke! Ina keken ɗinkin?"

Nan take na gaskiyar ya zo. Ɗakin ya yi mini nisa. Likitar ta jawo kujera ta zauna gabana, ba ta taɓa ni ba.

"Faɗa mini abin da kike ji."

"Mutuwa nake."

"To, muna nan. Ci gaba da faɗa."

Goggo na tsaye da leda a hannu tana tambayar sauran wa ke saka maɓalli a cikinsu.

Ciwon ya hau, ya hau, na jira ƙarshena. Sai ya fara sauka da kansa. Ban sha komai ba, ba wanda ya riƙe ni. Gumi ya jiƙa mini baya.

"To wa ya ɗinka mini rigar?" in ji Goggo.

"Tela ne, Goggo."

"Shi ya sa! Na ce 'yar gida ba za ta matse mini hannu haka ba."

Likitar ta raka ta waje ta dawo. Ana kiran azahar ta kama tsintsiyar hannuna ta saurari bugun, sannan ta ce, "Wanda kike tsoro ke nan, ya zo da duk ƙarfinsa, kin ga iyakarsa. Zai iya dawowa. Amma zuciyarki lafiya lau, hankalinki na nan. Ba zai kashe ki ba, 'yata."