Lambar Lasisi a Kwallar Inna

Jama'a, yau mai sayar da faifan bogi ya ƙi yin ciniki da ni.

Gobe zan miƙa zanen ginina na kammala jami'a, sai manhajar zanen ta kulle, wai lasisi ya ƙare. Na ruga kasuwar Adjamé wurin wani Alhaji Bakano mai faifai, in sayi manhajar ta bogi.

Ya ce, "'Yata, ai jami'arku ta saya muku, ɗana ma can yake. Duba bayan takardar rajistarki, lambar lasisin tana nan."

Takardar da rabona da ita tun farkon shekara!

Na koma gida unguwar Treichville. Inna ta sauko da kwallar aurenta, ga takardar a ciki, har da katin rigakafina. Lambar ta yi aiki. Allah ya saka wa Alhaji da Inna da alheri.

Inna ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma takarda mai hatimi ba a zubar da ita."