Majanyin Inna a Cikin Ƙwallo

Na taɓa ganin irin ƙwallayen nan a wani filin jirgi a Japan, an jera su cikin gilashi, na ɗauka alewa ce. Sai da 'yata ta shiga jami'a a nan Manchester na san ashe zare ne. Temari suke ce musu. A dunƙule tsumma, a yi ta naɗa masa zare har ya kai girman lemo, sannan a bi shi da allura ana fitar da taurari. Na ce mata ashe mutanen da suke ƙera mana motoci su ma suna da ranar zaman banza. Ta harare ni ta ci gaba da naɗinta.

Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Da yamma takan zauna bakin taga a gidanmu na Cheetham Hill, yayyafi na sauka, tana juya ƙwallon a tafin hannu. Ni ina kujera da shayina, ina kallo har in manta inda nake. Shuɗin zare ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo, sai in ga kamar tsakar gidanmu ce, Inna tana kaɗi, mazari yana juyawa, ni ina gyangyaɗi a gefen tabarma.

Ana nan sai Yaya, babbar gidanmu da ke Birmingham, ta bugo waya. Ta yi jika, suna ranar Asabar, in taho da majanyin Inna. Na saƙi ne, da shi aka goya mu duka, kuma duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu sai an goya shi da shi ranar suna, ko na minti ɗaya ne. A wurina yake ajiye. Na buɗe akwati, babu.

Na tambayi Uwata. Ta kalli ƙwallon da ke hannunta. Wai malamar da ke koya musu temari ta ce a samo tsohon yadin gida wanda ya sha jiki, shi ake sawa a ciki. Ita kuma ta ga wani koɗaɗɗen ƙyalle duk ya yage, ta ɗauka na goge takalmi ne. Ta ce bari ta warware, amma ai ta riga ta yayyanka shi. Ban iya yi mata faɗa ba, don ban taɓa zaunar da ita na gaya mata ko mene ne ba.

Yaya kuwa ba ta faɗa, shiru take yi wa mutum. Ta taɓa yi mini na shekara guda. A jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ni da Uwata, na yi ta shirya ƙarya, ko asu ya cinye, ko ya ɓace lokacin tashi daga tsohon flat. Gonaki suna wucewa kore shar, tumaki a kwance kamar auduga, kowace ƙarya na gwada sai in ji ba za ta tsaya gaban Yaya ba.

Gidan Yaya da ke unguwar Sparkhill ya cika da mata, ga ƙanshin turaren wuta da na masa. Muna gama gaisawa Yaya ta miƙo hannu. Kafin in buɗe baki Uwata ta durƙusa ta sa mata ƙwallon a tafi, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, “Gwaggo, yana ciki. Ni na yanka.”

Yaya ta daɗe tana juya shi. Ta bi taurarin da yatsa, ta kai shi hanci, ta lumshe ido. Sannan ta dube ni.

“Auta, ka taɓa gaya mata ko na wane ne?”

Na ce a'a.

Ta shafa kan yarinyar ta ce, “Tashi, Uwata. Mai kaya ce ta ɗauki kayanta.”

Ta sa aka kawo jaririn, ta goya shi da kanta da sabon tawul, ta cusa ƙwallon a gefen goyon, ta zaga falon sau ɗaya a hankali tana jijjiga shi kamar yadda Inna take yi.

Ni kuwa ba ta sake kula ni ba sai bayan la'asar, da ta aiko mini da masa guda biyu babu miya. Na cinye ina murna. Ƙwallon dai bai dawo Manchester ba, Yaya ta ce an gama ba ni ajiya.